Gangaren Gulbin Kabi: Lissafin Miƙaƙƙen Layi da Tarihin Kabawa

Na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda da zarar sun hangi harafin x da y a shafi sai su buɗe gaba, don kuwa da yawanmu gudun lissafi ne ya kawo mu Sashen Hausa. To, ina roƙon irin waɗannan 'yan'uwa su yi haƙuri su tsaya, domin abin da zan kawo tarihi ne, tarihin ƙasar Kabi, sai dai ta wata ƙofa zan shige shi wadda ba a saba bi ba. Ƙofar kuwa ita ce darasin nan da aka koya mana a makarantar sakandare, watau yadda ake gano gangaren miƙaƙƙen layi daga daidaiton lissafinsa, abin da ɗalibai ke kira ikweshan. A ganina, wanda ya gane wannan darasi zai gane dalilin abubuwa da yawa da suka auku tsakanin Argungu da Birnin Kabi, tun daga zamanin Kanta har zuwa zamanin madatsun ruwa, domin ƙasar nan tana zaune ne a kan wani gangare ƙanƙane ƙwarai, kuma ƙanƙantarsa ce ta ciyar da mutanenta, ta tsare su a wani zamani, ta kuma jawo musu hasara a wani.

Bari mu fara tuna darasin. Bahaushe yana da kalmomi biyu ga hanya ɗaya: mai zuwa sama ya ce hawa, mai zuwa ƙasa ya ce gangara. Masu lissafi kuwa lamba ɗaya suke ba su duka biyun, sai alamar da ke gabanta ta bambanta su. Suna rubuta miƙaƙƙen layi haka: y = mx + c. Harafin x shi ne tafiyar da aka yi a kwance, y kuma bisan da aka kai. Harafin c yana nuna bisan wurin da aka tashi tun ba a yi ko taki ɗaya ba. Shi kuwa m, wanda ke manne da x, shi ne abin da muke nema, watau gangaren: yawan hawa ko saukar da ake yi a kowane taki guda. Idan an ce y = 3x + 2, to an tashi daga bisa 2, kuma kowane taki ɗaya gaba hawa 3 ne. Idan an ce y = 10 − 2x, kada mutum ya ruɗe don 10 ce ta zo a farko; lambar da ke tare da x ita ake duba, ga ta −2, watau kowane taki sauka 2 ne.

Inda aka fi kayar da ɗalibai shi ne in daidaiton bai zo a wannan siffa ba. A ce an ba ka 2x + 4y = 12. Mai gaggawa zai ce gangaren 2 ne, ya faɗi. Dole sai an ware y ta tsaya ita kaɗai a ɓangare guda. A mai da 2x ɗaya ɓangaren, sai ya zama 4y = −2x + 12. A raba kome da 4, sai ya zama y = −½x + 3. Ashe gangaren −½ ne, taki biyu gaba, sauka ɗaya. Ƙa'idar ita ce, duk inda aka ga ax + by = c, gangaren shi ne −a/b. Saura layi biyu masu halin kansu. In an ce y = 5, ba x ko kaɗan, gangaren sifiri ne, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya inda ruwa zai kwanta ya rasa inda zai nufa. In kuwa an ce x = 5, wannan bango ne a tsaye kamar bakin rijiya, ba a iya ba shi lambar gangare. Iyakar lissafin da mai karatu ke bukata ke nan.

Wannan 'yar dabara da ake koyarwa cikin darasi ɗaya ta daɗe tana haɗuwa. Mutanen Masar na dā sun san gangare tun kafin a san x da y. A cikin wata takarda da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai tambayoyi a kan gefen dala, kuma ma'aunin da suke aiki da shi suna kiransa seked. Kamu ɗaya a wurinsu tafi 7 ne, sai su tambaya: in an hau kamu ɗaya, tafi nawa aka matsa a kwance? Babbar dalar nan ta Giza tafi 5½ ce. A lura, tambayarsu juyin tamu ce. Mu muna cewa hawa nawa a taki ɗaya, su kuwa suna cewa taki nawa a hawa ɗaya. A riƙe wannan, domin za mu ga ita ce tambayar manomin fadama.

Hanyar mai da lamba daga wani ɓangare zuwa wani kuwa, wadda muka bi ɗazu, mun gaje ta ne daga Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820. Kalmomi biyu ne a sunan littafin, aljabru da almuƙabala. Ta farkon a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin na karaya, kuma daga gare ta aka sami aljabara; ta biyun ko ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Shi da kalmomi zalla ya yi lissafinsa, ba harufa, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, abin da malamanmu na zaure ke karantarwa har yau. Sai a 1637 wani Bafaranshe, Descartes, ya buga littafin da ya aura zane da daidaito, har ya zamana ana duban rubutu a ga layi, a dubi layi a ga rubutu. Wani ɗan ƙasarsu, Fermat, shi ma ya kai ga wannan a daidai lokacin. Kada kuma a ɗauka ƙasar Hausa ba ta da masu hisabi a wancan zamani: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai hisabin malamanmu ya fi karkata ga gado da taurari da hatimi. Sanin gangaren ƙasa yana hannun wasu mutane dabam, manoma da masunta, waɗanda ba su rubuta shi ba.

To, mu komo gida. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Talatar Mafara. Gulbin Rima kuwa ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi ne ke haɗuwa su yi shi. Su biyun suna gamuwa kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su nufi kudu maso yamma, su wuce Argungu, su wuce Birnin Kabi, su karɓi ruwan Zamfara da na Ka, su faɗa Kwara. A can sama, ƙasar dutse ce, gulbin yana da ƙunci, ruwa ya zo da gudu da damina, ya wuce, da rani a bar rairayi. Amma da ya sauko ƙasar Kabi sai hali ya sake. Daga Sakkwato zuwa Birnin Kabi tafiyar kilomita wajen 150 ce, kuma duk saukar da ruwa ke yi a wannan tafiya ba ta kai mita ɗaya a kowace kilomita ba. In da za a zana layin a takarda da ma'auni na gaskiya, ido ba zai bambanta shi da layin kwance ba. Watau m ɗin Gulbin Kabi yana dab da sifiri.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko gudun ruwa. Wani injiniyan Faransa na ƙarni na 18, Chézy, ya nuna cewa gudun ruwa a magudana yana tafiya da gangarenta, ko da yake ba kai da kai ba: sai gangare ya ninku huɗu gudu ke ninkuwa biyu. Saboda haka ruwan da ya taho da ƙarfi daga ƙasar dutse, in ya iso shimfiɗar Kabi sai ya yi sanyi, ya sauke laka da taɓon da ya ɗauko, ya rarrabu rassa-rassa, ya bar tafukka da ƙoramu. Cikowa takan iso a makare, ta kuma daɗe ba ta janye ba har bayan damina ta ɗauke.

Na biyu shi ne wanda na fi so mai karatu ya kula da shi. Ban da gangaren da ke bin tsawon gulbi, akwai wani na gicciye, daga bakin ruwa zuwa tudu. Mu ƙaddara, don misali kawai, wata fadama ce wadda safiyo ya auna ya rubuta x − 2000y = 0. In muka ware y, sai mu sami y = x/2000, gangarenta ɗaya cikin 2000. Yanzu mu yi tambayar Misirawa: in ruwa ya hau mita ɗaya, ina zai kai a kwance? Amsa, mita 2000, kilomita biyu cur. A kwatanta da gaɓar da ke da y = x/10, inda hawan mita ɗaya ba zai ci fiye da mita 10 na ƙasa ba. Ruwan ɗaya ne, hawan ɗaya ne, amma a wuri guda ya jiƙa bakin gaɓa, a ɗayan ya mamaye gonakin gari guda. Duk inda m ya ƙanƙance, ɗan canji kaɗan a bisan ruwa yakan zama babban canji a faɗin ƙasa. Shi ya sa fadamar Kabi ta yi faɗin kilomita da dama, shi ya sa kuma tsohon manomi a can yake auna shekara da inda ruwa ya tsaya a jikin wata itaciya ko wata shuri, don ya san taƙi ɗaya a nan eka nawa ne a can.

Da wannan a zuci sai mu dubi tarihin. Muhammadu Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Sanwai tawaye wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, ya kuma kafa daular da ta gagari Sanwai ta yamma, ta kara da Barno ta gabas. Biranensa, Surame da Gungu da Leƙa, duk a yankin wannan kwari suke, kuma ganuwar dutse ta Surame tana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Masu tarihi sun fi ba da ƙarfi ga jaruntakarsa, kuma ba a musun ta. Amma rundunar da za ta tsaya wa Askiya sai da abinci, kuma fadama tana ba da abin da tudu ba ya bayarwa: shinkafa da kaka, kifi duk shekara, ciyawar dawaki da shanu da rani, da lambun da ake ba ruwa da jigo. Irin shinkafar gargajiya ta wannan kwari ma ita kanta ta san lissafin, don karanta yana ƙara tsawo yayin da ruwa ke hawa a hankali. In da ruwan na hawa ne farat ɗaya kamar na ƙasar dutse, da ya nutsar da ita. Ana kuma ruwaito cewa Kanta yana da babban jirgin ruwa da yake zagaya garuruwansa da shi lokacin cikowa. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, ya dace da ƙasar, domin ruwa mai sanyin gudu ne kaɗai ake tuƙawa sama da ƙasa ba wahala.

Bayan ƙarfin Kabi ya ja baya saboda matsin Azbin da Gobir da Zamfara, aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18. Duk wanda ya tsaya a bakin tsohon garin wajen Dukku ya dubi fadama zai ga dalilin zaɓen wurin. Nan ne layi biyu suka gamu, na fadama mai kusan kwanciya da na tudu mai tashi da sauri. Gari yana sama inda cikowa ba ta kai, gonar shinkafa da ruwa suna ƙarƙashinsa, kuma mai tsaron ƙofa yana hangen duk wanda ya taho ta kwari. Yawancin tsofaffin garuruwan kwarin haka suke, jere a bakin tudu, gabas da yamma.

A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita, kuma daga baya Gwandu, wadda ba ta da nisa, ta zama hedkwatar yammacin daular Usmaniyya. Hodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi a 1826. Wanda ya biyo shi, Sama'ila Karari, ya riƙe Argungu har 1831, shi ma aka kashe shi, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Shekara 18 Kabi tana ƙarƙashin Gwandu da Sakkwato, sai a 1849 Nabame ya ɗaga tuta a Argungu. Daga nan har zuwan Turawa, fiye da shekara hamsin, ba a sake cin Argungu ba, alhali tana tsakanin Sakkwato da Gwandu, kowace tafiyar 'yan kwanaki. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853, inda ya sami kwafin Tarihin Sudan ya karanta, ya bi ta Birnin Kabi ya tarar hanyar yamma ta zama mai hatsari saboda wannan tawaye.

Yaya ƙaramar ƙasa ta jure haka? A nan nake ganin gangaren ya yi aikinsa. Ƙarfin rundunonin wancan zamani a kan doki yake, doki kuwa da mai lifidi a bisansa ba abin da ya ƙi kamar taɓo. Ko dā ma da rani ake fita yaƙi, amma a kwarin Kabi ranin mayaƙi gajere ne, don fadama ba ta bushewa sai an yi nisa da kaka, wasu wuraren ma ba su bushewa sam. Argungu tana gabas da gulbi, amma garuruwan Kabawa irin su Gulma da Sauwa suna ƙetare, suna fuskantar ribaɗin Gwandu irin su Ambursa, ga kwari shimfiɗe a tsakani. Wanda zai kewaye Argungu sai ya tare ta ta ruwa, Kabawa kuwa su ne masu jirage, su suka san mashigi da zurfi. In an ƙone gero a tudu, akwai shinkafa da kifi a kwari. An kashe Nabame a 1854, an kashe Yusufu Mainasara a 1859, amma a 1860 Sarkin Gwandu Haliru shi ma ya kwanta dama a fagen yaƙi da Kabawa. Da kowa ya gaji aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, daga 1867 zuwa 1875. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya taho da babbar runduna, Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya kore ta.

Amma fa kada a ce na mai da tarihi lissafi. Fadamar nan tana nan a 1805 da 1831, ba ta hana a ci Birnin Kabi da Argungu ba. Abin da ya ƙaru a 1849 shi ne haɗin kan Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Dandawa, waɗanda suka tsare musu baya ta yamma. Ƙasa tana ba da dama ne kurum, sai an sami masu amfani da ita. Abin da nake ƙi shi ne irin rubutun tarihin da ke jera sarakuna da yaƙe-yaƙe kamar a sarari aka yi su, ba a faɗi ko ƙasar tudu ce ko kwari.

Turawa sun sauka Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903, kuma a zamaninsu ne fadar Sarkin Gwandu ta dawo Birnin Kabi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi don nuna gaba ta ƙare, kuma daga nan bikin ya samo siffar da aka san shi da ita, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Shi kansa bikin ɗan gangare ne. Kifi yana bin cikowa ya bazu a fadama ya hayayyafa ya yi ƙiba, in ruwa ya janye ya tattaru a wurare masu zurfi irin Matan Fada, Sarkin Ruwa ya hana taɓa shi sai ranar da aka ɗebe, sa'an nan dubban mutane su faɗa da homa da gora. A gulbi mai gudu ba mai iya wannan.

Sai zamanin injiniyoyi, waɗanda su kam da x da y suka zo. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato. A bisa wannan tafarki aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara daga 1974 zuwa 1978, aka kuma gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Abin da ya faru a Bakolori a watan Afrilu na 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu aka kashe mutane da yawa, sananne ne, an kuma yi rubutu a kansa. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ba a ƙwace musu ko taƙi ɗaya ba, ba su kuma cikin lissafin kowa.

Aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina ta sake shi kaɗan-kaɗan. A idon injiniya wannan gyara ne, an rage ambaliya. To, mu koma ga fadamarmu ta misali mai y = x/2000. A ce madatsa ta rage ƙololuwar cikowa da rabin mita kawai, abin da bai kai gwiwar mutum ba sosai. Rabin mita sau 2000 mita 1000 ne. Kilomita guda ta gonar shinkafa ta koma tudu a wannan gaɓa, wata kilomitar a waccan, kuma haka abin zai bi tsawon kwarin. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya tarar cikowa ta ragu a zurfi da faɗi da daɗewa, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya don ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, kamun kifi kuma ya faɗi. Bincikensa a sashen da ke sama da Sakkwato ya yi shi, amma Kabi ita ce ke ƙarshen igiyar, tana shan ruwan gulaben biyu, kuma kowane an ɗaure shi. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin Argungu saboda ƙarancinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, lissafin da zai nuna wannan hasara bai fi wanda muka yi a shafin nan wuya ba. An auna gangaren magudanun da za su kai ruwa gonakin aikin da kyau, ba a ba gangaren fadamar talakawa irin wannan kula ba.

Lissafin kuma yana aiki ta ɗaya fuskar. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya taho gaba ɗaya, ya cinye ƙauyuka, ya yanke gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gangaro ƙasar Kabi. A 2012 da 2020 ma an sha irin wannan, kuma ta 2020 ta sami shinkafa tana gab da nuna a Argungu da Birnin Kabi da sauran garuruwan kwari. Mutanen da suka saba shekara da shekaru ruwa ba ya wuce wani wuri sun matsa da gonaki da gidaje cikin kwari, irin shinkafar da ake shukawa yanzu kuma gajera ce, ba ta bin ruwa sama kamar ta dā. Ƙarin mita ɗaya a ƙasa mai gangare ɗaya cikin 2000 ba ya tsayawa sai ya yi kilomita biyu.

A tsakanin Argungu da Birnin Kabi ɗin nan ne aka tsara aikin Zauro, wanda tunaninsa ya faro tun 1969: a kewaye fadama mai faɗin hekta fiye da 10,000 da jinga, a hana cikowa shiga, a riƙa ba da ruwa ta magudanai. An buɗe gonar gwaji ta hekta 100 a 1982, amma har aka shiga shekarun 2000 babban aikin bai wuce takarda ba, kuma manoma da yawa sun nuna ba su yarda da shi ba, don tsoron abin da zai sami gonakinsu na gado da wuraren kiwo da na su. Ko ba wannan, aikin yana da wuyar kansa. Magudana sai da gangare take tafiya. In ya yi kaɗan laka ta toshe ta, in ya yi yawa ruwa ya ci gefenta, ga shi ƙasar ba ta da saukar da za a ara, sai dai a ɗaga ruwan da inji. Ruwan saman da ya sauka cikin jinga kuma shi ma sai an nema masa mafita. A irin wannan shimfiɗa, kuskuren santimita 10 wajen daidaita ƙasa yana iya barin mita 200 cikin ruwa ko cikin ƙishi.

Su kuwa manoman, tun daga shekarun 1990 da shirin Fadama ya yaɗa 'yan rijiyoyin burtsatse da ƙananan injunan ban-ruwa, sai suka bi ta ƙasa. A fadama ruwa yana kusa, 'yan mitoci kaɗan ake haƙawa a same shi, domin cikowar da ta kwanta wata da watanni ita ce ke cika shi. Injin fetur ya maye gurbin jigo, shinkafar rani ta zama babbar sana'a a Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, har a Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. Amma ruwan da injin ke zuƙowa da rani na cikowar bara ne, kuma shekarar da ta tsaya nesa da gona, mai rijiya yakan ƙara tsawon bututu.